Ni da Baba Nomau a Neman Inda Titi Zai Bi

Fita daga Kwarin Maje

Ana sallame sallar asuba na fito daga masallaci, na iske Baba Nomau zaune kan dutsen da ke ƙofar gidanmu, sandarsa a gicciye bisa cinya, ga wani buhun taki da ya mayar jakar tafiya a gefensa. Gari bai gama wayewa ba.

"Isuhu, rana za ta fito mana a gida," in ji shi.

"Baba, salla na tsaya yi."

"Na sani. Tun kiran farko ina nan ina jin ku."

Ga wanda bai san shi ba, Baba Nomau Bamaguje ne, yana nan kan al'adar kakanninsa, kuma gonarsu da tamu iyaka ɗaya ce tun zamanin kakana. Tare suka yi ƙuruciya da marigayi mahaifina. Ni kuwa gyaran injin ban-ruwa nake yi a ƙauyenmu Kwarin Maje, cikin ƙasar Malumfashi, da damina in koma gona kamar kowa.

Turaku ne suka fitar da mu daga gida. Da rani wasu mutane suka zo a mota, suka bi ta gabas da gari suna kakkafa turaku masu jan fenti. Turakun suka raba gonata biyu, gonar da ba ni da wata sai ita. Da aka tambaye su, suka ce titi ne, suka shiga mota suka tafi. Ba a jima ba sai ga wasu daban da turaku masu farin fenti. Su ta yamma suka bi, ta bayan gidan su Baba Nomau, har gindin tsohuwar tsamiyar da iyayensa da kakanninsa ke kwance a ƙarƙashinta. Su ma titi suka ce.

Titi dai kowa yana so. Garinmu ya cika, musamman tun da mutanen ƙauyukan yamma suka dawo cikinmu saboda rashin tsaro, gidaje suka cinye gonakin bakin gari. Da damina rafi yakan yanke mu daga kwalta, mai naƙuda sai a amalanke, masara kuwa 'yan sari su saye ta yadda suka ga dama. Amma ba wanda yake son titin ya bi ta kansa. Mutanen gabas suna cewa farin turke ne na gaskiya, mutanen yamma suna cewa ja ne. Har gaisuwa ta fara nauyi a bakin rijiya. Ga hadari ya soma haɗowa, ba wanda ya san ko ya shuka ko ya dakata.

Shi ne mai unguwa ya kira mu. Ya ce, "Ɗaya daga gabas, ɗaya daga yamma. Ku je ku ji da kunnuwanku, don kada a dawo a ce wani ya karkata magana."

Muka hau acaɓa ɗaya, Baba a tsakiya, ni a baya riƙe da buhunsa. A bakin rafi muka sauka muka taka, mai mashin ya tura. Yana turawa yana cewa shi ya ji ba titin mota ba ne, wayar lantarki za a ja. Da muka fito kwalta, mai shayin da ke mahaɗar ya rantse bututun ruwa ne. Ko Malumfashi ba mu kai ba, abin da muka fito nema ya riga ya zama uku.

Malumfashi

Da hantsi muka shiga Malumfashi. Muka sha koko da ƙosai a bakin kasuwa, sannan muka nemi ofishin da ke kula da filaye. Aka nuna mana ƙofa, wannan ya tura mu wancan, har muka faɗa ɗakin wata Hajiya mai tabarau, takardu jibge a gabanta. Ta sa aka ba Baba kujera, ni na tsaya na kwashe labari na faɗa mata.

"Jan fenti ne ko fari?" ta tambaya.

"Duka biyun, Hajiya."

Ta cire tabarau ta dube ni. "Mu namu turakun shuɗin fenti muke sa musu."

Na ce, "To ai babu shuɗi a garinmu."

"Shi ne nake gaya maka, ba namu ba ne. Mu aikinmu cikin gari ne da kewayensa: inda za a yanka filaye, inda za a bar wa makaranta da kasuwa, inda ruwa zai bi. Kuma ka ga garin nan, kafin mu gama auna wuri an riga an aza masa bulo. Titin da zai haɗa ƙauyukanku da babbar hanya na san ana maganarsa, amma masu awonsa a Funtua suke zama."

Sai Baba Nomau ya gyara zama. Ya jingina sanda, ya ce, "'Yar nan, ni abu guda nake tambaya. Mu shuka ko kada mu shuka?"

Hajiya ta juyo wajensa. Ta ce, "Baba, in na ce ku shuka, katafila ta zo ta bi ta kai, ni za ku tuna. In na ce ku bari, ba ta zo ba, nan ma ni za ku tuna. Ba zan faɗi abin da ban sani ba. Ku je Funtua."

Na ji daɗin gaskiyar da ta faɗa, amma na fito kaina ya fi ɗaurewa. Muka nufi inda na saba hawa motar Funtua, muka tarar da shaguna a wurin. Aka ce an mayar da lodi can gaba. Can gaba aka ce a'a, ku koma baya ku tsallaka titi. Sai da wani ɗan kamasho ya kama hannun Baba ya kai mu har bakin motar.

Hanyar Funtua

Ƙaramar mota ce, mu huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba. Kuɗin mota ya ɗaga sosai a kan yadda na sani, direba ya ce in tambayi gidan mai. Rabona da hanyar nan an kwana biyu, sai na riƙa leƙe ta taga ina neman gonakin da na sani. Inda dā masara da auduga suke tun daga bakin kwalta har iyakar gani, yanzu ginshiƙan bulo ne a jere, wani an kai linta an bari, wani harsashi kawai, ciyawa ta fito a tsakar ɗaki.

A wani shingen bincike soja ya ce a buɗe buhun Baba. Aka buɗe, sai ga dafaffen ƙwan zabi da ƙuli-ƙuli da tsohon bargo. Sojan ya yi dariya, ya ce, "Baba, ina zuwa?"

"Titi muke nema."

"Ga shi kuna kai."

"Ba wannan ba. Wanda ba a yi ba."

Sojan ya ɗaga mana hannu, yana girgiza kai.

Wani Alhaji mai babbar riga da ke gefena ya kasa kunne tun farko. Da muka wuce ya ce shi dillalin filaye ne, kuma Kwarin Maje ba baƙon wuri ba ne gare shi. Ya tambaye ni ta ina gonata take. Na ce ta gabas. Ya rage murya ya ce, "Malam, ta gabas titin zai bi, daga sama na ji. In ka tsaya jiran diyya sai ka tsufa. Gara ka sayar tun yanzu, ina da mai so." Na mayar da idona kan hanya.

A Bakori direba ya tsaya sauke kaya, na fita sayo mana ruwa. Da na dawo na ga Alhajin ya matsa kusa da Baba yana magana ƙasa-ƙasa. Sai da ya sauka kafin mu shiga Funtua, na ce, "Baba, me ya ce maka?"

"Cewa ya yi ta yamma titin zai bi, daga sama ya ji. Wai in sayar masa da bayan gida."

Na gaya masa abin da ya ce mini. Muka dubi juna. Direba ya fashe da dariya har yana bugun sitiyari, amma ni ban ga abin dariya ba, don ɗayan biyun dole ya zama gaskiya.

Funtua

Bayan la'asar muka sauka, an riga an tashi daga ofis. Na ce mu kwana gidan ƙanwata Hadiza, da safe mu nemi masu awo. Gidan na san shi sarai: shi ne na ƙarshe a unguwar, gabansa gonar masara, ga wani babban mangwaro a ƙofa. Haka na kwatanta wa mai keke mai ƙafa uku. Ya yi ta zagaye da mu, lungu ya kai mu lungu, babu gona babu mangwaro. Sau biyu muna dawowa bakin wani injin niƙa. Daga ƙarshe na buga wa mijinta Malam Bala waya, ya ce mu tsaya inda muke. Sai ga shi ya fito daga ƙofar da ke bayanmu.

"Yaya Isuhu, gonar da kake nema ai ita ce kake tsaye a kai," ya ce. "Mangwaron kuwa tun bara aka sare shi."

Hadiza ta durƙusa ta gaida Baba, don a bayansa ta sha hawa tana ƙarama. Ta kawo tuwon masara miyar busasshiyar kuɓewa, muka ci a zaure. Malam Bala ya nuna mana wani layi mai duhu a jikin bango, daidai gwiwa. Ya ce nan ruwa yake kaiwa duk damina.

"Da muka zo, hanyar nan mota biyu na wucewa," in ji shi. "Turaku aka kafa, aka bar hanya, aka bar inda ruwa zai bi. Wannan ya ƙara taku ɗaya, wancan ya ƙara rumfa, wani ya gina a kan hanyar ruwan gaba ɗaya. Yanzu in an yi rasuwa a layin nan, a kafaɗa ake fitar da gawa har bakin titi. Ku in titi zai zo muku, ku tsaya a kansa tun da wuri."

Na ce, "Mu tsaya a kan wanne?"



Da asuba muka tashi muka iske an kwana ana ruwa. Lungun ya zama rafi, Hadiza na kwalfe tsakar gida da roba. Baba Nomau ya fita ƙofa ya ɗebi ƙasa ya murza, ya daɗe yana kallon sama ta wajen garinmu. Ya ce, "Ruwan nan ya kai Kwarin Maje. Yau ce ranar shuka." Ya share hannu a rigarsa. Ni ma zuciyata tana can, ina tunanin irin masarata a rumbu.

Malam Bala ya raka mu har ofishin masu awon. Wani ma'aikaci ya karɓe mu da fara'a, ya kai mu gaban wata babbar taswira a bango. Ya bi da yatsa daga Malumfashi yana neman Kwarin Maje, bai samu ba. Na ce ya nemi rafinmu. Ya sami rafin, ya ce to garinku yana nan wajen, ya ɗora yatsa a wani fili da babu rubutu. Wani layi ya ratsa ta wurin, amma ni ban iya gane gabas da yamma a jikin takarda ba, shi kuma bai taɓa zuwa garin ba.

Baba ya matso ya ƙura ido. "Ina tsamiya a nan?"

"Baba, ba a sa itace a wannan."

"Mutanen da ke ƙarƙashinta fa?"

Ma'aikacin ya sauke yatsansa. Ya ce gaskiya wanda zai iya ba mu amsa shi ne safiyon da ya yi awon da ƙafarsa, kuma tun jiya ya tafi Mahuta.

Na ce, "Wace Mahuta? Ta wajenmu, ta Kafur?"

Ya yi ɗan tunani. "Ina jin ta Dandume ce. Can muke da aiki a yanzu."

Dandume da Mahuta

Ban taɓa taka Dandume ba sai ranar. Muka sami mota ta cika da 'yan kasuwar hatsi, manyan motoci na ta wuce mu da buhuna. Ko'ina a gefen hanya mutane ne a duƙe, namiji na gaba da sungumi yana sara, na baya na jefa iri suna rufewa da diddige. Baba ya juya fuskarsa daga taga.

A Dandume mai acaɓar da ya ɗauke mu ya ja mana kunne, ya ce duk abin da ya kai mu mu gama kafin la'asar, don hanyoyin ƙauye ba a yamma a kansu. Muka bi wata sabuwar hanya ta jar ƙasa, ruwan jiya ya sa ta santsi, sau ɗaya har muka kusa zubewa. Dab da Mahuta muka tarar da katafila da masu aikin kwalbati. Shugabansu wani Malam Garba ne, dogo, da hular kwano. Na yi sallama na faɗi wanda muke nema.

Ya riƙe baki. "Kai! Ai shi yana Mahuta ta Kafur. Can ya koma awo."

Wato kusa da gida. Da daga Malumfashi muka karkata, da tuni mun gan shi. Na zauna a kan wani bulo. Ban san lokacin da na ce, "Baba, wai me muke yi a nan?" ba. Baba ya kwance buhunsa ya miƙo mini ƙwai, ya miƙa wa Malam Garba ɗaya.

Malam Garba mutumin kirki ne. Ya ce kada mu koma haka, zai kira mana shi. Wayar ta ƙi shiga, ya hau kan tulin ƙasa yana ɗaga ta sama. Muna jira sai wani dattijon wurin da ya taso daga shuka ya zo ya zauna, ya ji abin da ya kawo mu. Ya nuna mana inda sabuwar hanyar ta yi wata lanƙwasa kamar lauje.

"Maƙabartarmu ce a can," ya ce. "Da farko ta kai aka auna. Muka taru muka je da baki ɗaya tun ba a kawo katafila ba, aka kauce. Amma gonar ƙanena ce ta tafi a madadin. Ƙauyen gaba kuwa suka tsaya gardama a tsakaninsu, hanya ta yanke musu burtali. Yanzu shanu ba su da inda za su bi zuwa ruwa sai cikin gonaki, kullum ana gaban mai gari."

Sai ga Malam Garba yana kira daga kan tulin ƙasa. Muka hau, ni da tsoho, taɓo na kama mana takalma. Ya buɗe muryar wayar don mu ji duka.

Safiyon ya san Kwarin Maje, har ya tambayi rafin ko ya kawo. Na ce, "Ranka ya daɗe, turakun nan, wanne ne na titi, ja ko fari?"

"Fararen nawa ne."

Na ji daɗi a raina, ba zan ɓoye ba. Sai na dubi Baba Nomau, na ga ya dafa sanda da hannu biyu.

"To jan fa?" na ce.

"Wane ja?"

Na kwatanta masa. Ya ce shi bai san da su ba, ba nasu ba ne, bai kuma san wanda ya kafa ba.

Baba ya matso bakin wayar, ya ɗaga murya kamar mai kiran wani a hayin rafi. "Yaro, tsamiyar da ka sa wa turke, ubana yana ƙarƙashinta. Da uban ubana."

Safiyon ya ce, "Baba, wallahi ba wanda ya gaya mini. Itace na gani. Awon nan na gwaji ne, ba a yanke ba tukuna. Za mu zo mu zauna da mutanen gari, kuma bana ba abin da za a taɓa, ku yi shukarku. Kabari ana kauce masa, in dai gari ya yi magana ɗaya."

"In an kauce, ta ina zai bi?" na tambaya.

"Kudu fadama ce, sai an yi babbar gada. Arewa duwatsu ne. In ba yamma ba, to sai tudun nan na gabas."

Tudun gabas shi ne gonata. Turakun da aka ce ba na kowa ba ne, nan ne titin zai koma in aka bar tsamiya. Na so in sake tambaya, wayar ta yanke, ba ta ƙara shiga ba.

Komawa

Muka bar Mahuta da azahar. A Funtua ko gidan Hadiza ba mu koma ba, waya na yi mata sallama. Ina cikin motar Malumfashi ina ta juya abin a raina. An ce mu shuka, wannan na gane. Amma titin ta yamma yake ko ta gabas? In na yi shiru, gonata ta tsira. In na yi magana, me zan ciyar da iyalina? Su wa suka kafa jan turke, kuma yaya aka yi suka san inda safiyon kansa bai kai ga aunawa ba?

Mun wuce Bakori Baba ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Isuhu, ka ji abin da ya ce."

"Na ji, Baba."

"Ba zan roƙe ka ba. Ko ubanka ne da rai, ba zan roƙe shi ba. Gona ce."

Magariba ta yi mana a Malumfashi, masu acaɓa suka ce rafi ya kawo, ba mai zuwa sai gobe. Muka kwana a shagon wani abokina mai sayar da kayan injin ban-ruwa. Da safe muka tsallaka rafin, ruwa har cinya, ina riƙe da hannun tsoho.

Maimakon mu shiga gari, ƙafa ta kai ni gona. Tun daga nesa na ga ƙasar ba yadda na bar ta ba. Sawun sungumi ne layi-layi daga wannan iyaka zuwa waccan, an shuke ta tas, an bi ta tsakanin jan turakun kamar babu su. A bakin iyaka Inna Tabawa, uwargidan Baba Nomau, tana ɗaure ƙwaryar iri a zane, surukanta mata biyu na bayanta.

Na ce, "Inna, wa ya yi wannan?"

"Mu mana. Mun gama tamu jiya da hantsi, na aika wa matarka ta ba da iri. Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙe, ku kuna can kuna yawon ofis. Me za mu zauna jira?"

"In titi ya bi ta nan fa?"

"In ya zo ya same ta a tsaye." Ta dubi mijinta. "Kai kuma ina bargon?"

A ƙofar mai unguwa gari ya taru, na gabas a gefe, na yamma a gefe. Mai unguwa ya ce, "To, ta ina?" Na fara bayani: farin turke na gaskiya ne amma ba a yanke ba, ja ba na kowa ba ne amma mai yiwuwa nan za a bi, shuɗi kuma babu ruwanmu da shi. Wani ya ce wane shuɗi kuma? Wani ya ce kenan da tambayar da muka tafi da ita muka dawo. Hayaniya ta tashi. Ni kaina da na ji maganar tana fita daga bakina sai na ji ban gane ta ba.

Sai na ɗaga hannu na ce, "Ban san ta inda zai bi ba. Amma an ce in gari ya yi magana ɗaya ana kauce wa kabari. In sun zo, ni zan ce a bar tsamiya, ko da ta gonata ne."

Baba Nomau ya ɗauki buhunsa ya tashi ya nufi gida. Ni kuwa na wuni ina tambayar kaina ko da gaske nake.

Safiyon ya cika alkawari, ya zo masara tana kai gwiwa. Aka zagaya da shi gabas da yamma, gari ya yi magana ɗaya. Sabon awon ya bar tsamiya, ya ɗauki kusan rabin gonata. Maganar diyya an ce za a zo, ba a zo ba tukuna, katafila ma haka. Jan turakun har yau ba wanda ya ce nasa ne.

Bayan girbi na je gona da sassafe, na tarar da Baba Nomau a duƙe a kan iyakarmu yana tumɓuke ciyawar gambar da ta raba gonakinmu, yana mayar da ita can cikin gonarsa. Na ce, "Baba, me kake yi?" Ya ce kunyoyin nan sun yi masa yawa, gwiwarsa ba ta kaiwa, in taimaka in riƙa noma su. Na buɗe baki zan yi magana, ya miƙo mini fartanya ya ce in kama daga can ƙarshen.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Hajiyar da ta ƙi faɗa mana abin da ba ta sani ba, da Hadiza da Malam Bala da suka sauke mu, da Malam Garba da ya hau tulin ƙasa saboda baƙin da bai taɓa gani ba, da Inna Tabawa da surukanta. Baba Nomau kuwa na je har gida in yi masa tawa godiyar, ya ce in bari sai titin ya zo mun ga ta inda ya bi.